Robobi Shida na Talibambam

Har yau idan na bi ta gefen kwata da damina, na shaƙi wannan ƙarnin mai haɗe da ɗoyin ruɓaɓɓen ganye, sai miyau ya taru min a baki. Ba na cewa shi ne wari mafi muni a Kano. Mai yiwuwa hancina ne kawai ya riƙe shi, don shi ne warin shekarata ta ƙarshe a jami'a, ko in ce shekarar da na ɗauka ita ce ta ƙarshe.

Ilimin halittu na karanta. Da aka zo rabon aikin kammala digiri, wanda muke ce wa furojet, sai aka haɗa ni da wani malami dattijo marar yawan magana, shi kuma ya ba ni talibambam, wato 'ya'yan kwaɗi tun suna da jela suna iyo kamar kifi. Littattafanmu sun ce idan ruwan da talibambam yake ciki ya fara ƙafewa, jikinsa yakan gane. Wuri ya matse, ruwa ya ɗau zafi, sai ƙwaƙwalwarsa ta sa a saki wani sinadari na ƙunci cikin jini, irin waɗanda muke kira homon. Wannan sinadarin sai ya zaburar da wani ɗan ƙulli da ke maƙogwaro, wanda nasa homon ɗin ne ke fito da ƙafafu ya narkar da jela. Sai halittar ta yi gaggawar zama kwaɗo tun lokacinta bai yi ba, ta tsere wa ƙafewar ruwan, amma ta fito ƙarama, ba ƙwari. Haka dai aka rubuta. Ni ban taɓa ganin homon da idona ba, sashenmu kuma ba shi da na'urar auna shi. Abin da aka ce in yi shi ne in riƙa rage wa wasu ruwa, in bar wa wasu nasu, in ƙirga kwanaki, in auna tsawo.

Abu ɗaya malamin ya maimaita min har sau biyu. Talibambam na damina ne. In na yi sake damina ta wuce, babu inda zan samo wasu sai baɗi, kuma in babu furojet babu digiri, 'yan ajinmu za su tafi bautar ƙasa su bar ni. Na rubuta wannan a bangon littafina na ja layi a ƙarƙashi, kamar da ma ina iya mantawa.

Akwai wani kududdufi a bayan unguwarmu, tsakanin Gwammaja da gindin Dala. An ce da daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen wurin, ramin ya zama matattarar ruwa. A lokacin da nake magana kwatocin unguwa uku ne ke zuba a ciki, kuma an fara cike shi da bola daga ɓangaren gabas, don in ya cika a yanka filaye. Can na je da bokiti da rariyar roba. Na yi tsammanin daga baki zan tsaya in miƙa hannu. Ashe bakin duk leda ce da ƙunzugun jarirai na zamani waɗanda suka sha ruwa suka kumbura, sai da na naɗe wando na shiga har gwiwa. Ƙasan ba laka ba ce sosai. Wani abu ne mai laushi da ke nutsewa a hankali yana sakin kumfa, kowace kumfa ta fashe da nata warin. Na taka wani abu mai gashi, ban duba ba, har yau ban san ko mene ne ba, kuma ba na so in sani. A cikin wannan ruwan suke, baƙaƙe, dubbai, suna ta kaɗa jela a ƙarƙashin gansakuka cikin ƙoshin lafiya. Wannan ma ya ba ni ƙyama, in faɗi gaskiya, ganin akwai abin da ke jin daɗin wurin.

Ɗakin gwajin makaranta ba kullum ake samun ruwa ba, kuma ana kulle shi Asabar da Lahadi, don haka malamin ya yarda in yi aikin a gida. Na sayo robobi shida masu faɗi a Ƙofar Wambai, na jera su a ƙarƙashin rumfar kwano da ke gefen ɗakina. Uku na hagu na cika su, ba zan taɓa ruwansu ba. Uku na dama kullum da yamma zan ɗebe kofi ɗaya daga kowacce. Abincinsu dafaffen alayyafo ne, daidai wa daida, sai na auna nake zubawa.

Tun ina sakandare a sashen kakata nake, mahaifiyar babana, wadda duk gidan ke kira Hajiya. Ni kuma ba ta kirana da suna, sai mai gidan, irin wasan kaka da jika. Ranar da na shigo da bokitin tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta leƙa sau ɗaya, ta tofar da yawu, ta ja mayafi ta rufe hanci. Ta ce ita ta ga mazan da ke shigo wa matansu da tsire, ta ga masu shigowa da atamfa, amma mai shigowa da 'ya'yan kwaɗi sai a kanta. Ta sa na koma ƙofar gida na wanke ƙafa da sabulu sau uku, ta ce wandon kada ya kusanci igiyar shanyarta, ta kuma sa aka matsar da randarta zuwa ɗaya ɓangaren tsakar gidan. Kwana biyu ba ta karɓi abu daga hannuna ba. Ina faɗin wannan ne don a gane dalilin da ya sa ko sau ɗaya ban zarge ta ba.

Kuskurena na farko, wanda nawa ne ni kaɗai, shi ne ban ja layi a jikin robobin ba. Kofi nake ƙirgawa, ba zurfin ruwa ba. Da safe in fita makaranta, in dawo bayan la'asar, in ɗebe kofina, in rubuta. Wajen kwana na goma na lura ruwan robobin dama bai ragu yadda lissafi ya ce ba. Maimakon in tsaya in yi tunani kamar mutum, sai na yi tunani kamar ɗalibi. Na rubuta cewa wataƙila feshin ruwan sama ne ke shigowa ta gefen rumfar. Na ɗaura buhu a gefen. Ruwan bai ragu ba. Na rubuta cewa wataƙila kwanon rumfar ne ke yoyo, na hau na duba, ban ga huda ba, amma na liƙa leda duk da haka. Har na rubuta wani dogon bayani a kan laimar iska, wanda in na karanta shi yanzu kunya ke kama ni.

Sai kuma warin. Robobin hagu ƙarni kawai suke yi irin na kogi. Na dama kuwa suka fara yin tsami, ruwan ya yi kauri ya koma ruwan toka, wata farar yana ta kwanta a sama, ƙudaje suka gano wurin. Wasu talibambam suka mutu, 'yan'uwansu suka taru a kansu suna ci, in na zo da yamma sai in tarar da rabin jiki yana yawo, hanjin nan mai kama da murɗaɗɗen zare a waje. Da cokalin roba nake tsame su, ina kawar da kai. Na daina cin miyar kuka a lokacin, saboda kalarta da yauƙinta. Amma waɗanda suka rayu a robobin daman, su da ya kamata a ce suna cikin ƙunci suna gaggawar fita, sai suka yi ɓul-ɓul, manya kamar babban yatsana, ba su da niyyar fitar da ƙafa. Na hagu ma sun riga su.

Wannan kishiyar abin da littafi ya ce ne. Kwana biyu ina jin tsoro, a na uku sai wani tunani ya shigo min wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Na ce wataƙila na gano sabon abu. Wataƙila talibambam ɗin Kano, da suka tashi a cikin ƙazanta, jikinsu ya daina jin ƙunci. Na je wurin malamin da littafina, ina ta kewaye-kewaye, ina cewa ban tabbata ba, amma kamar dai, mai yiwuwa. Ya duba lambobin ya daɗe, sannan ya tambaye ni wa ke zama a gida in na fita. Na ce kakata ce kawai, ita kuwa ko kallon wurin ba ta iya yi. Ya ce to, in dai ƙara dubawa.

Zazzaɓi ne ya duba min. A mako na huɗu ƙafafuna, da tun shigata kududdufin suke ƙaiƙayi, suka yi ƙuraje, jikina ya yi zafi, wata Talata na kasa fita. Ina kwance da hantsi sai na ji jan takalminta, ba ta nufi madafa ba, ta nufo rumfata. Na ɗaga labule kaɗan. Ta ɗaure hancinta da gefen ɗankwali, buta a hannun dama, ɗan kwano a hagu. Ta wuce robobin hagu ko kallo ba ta yi musu ba. Ta tsaya a kan na dama, ta miƙa hannu daga nesa kamar mai zuba wa wuta kalanzir, ta tsiyaya wa kowacce ruwa. Sannan ta barbaɗa musu abin da ke cikin kwanon, jiƙaƙƙen ƙanzo ne da dusa. Tana yi tana tsaki.

Na fito ina dafa bango. Na ce, "Hajiya, me kike yi?"

Ko firgita ba ta yi ba. Ta ce, "Abin da mai gidan ya kasa yi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ga kana ɗebe musu ruwa da kofi kamar mai awon magani. Na ce yaron nan boko ya taɓa shi. Waɗancan ka cika musu, waɗannan kana ƙwace musu, me suka yi maka?"

Na zauna a bakin rijiya. Na yi mata bayani, da Hausa mafi sauƙi da na iya, cewa da gangan nake yi, so nake in ga yadda wahala ke sa su girma da wuri. Ina cikin magana na ji yadda abin ke fita daga bakina, na ji bai yi daɗin ji ba. Ta saurara har na gama. Ta ce wannan ai ba sai an je jami'a ba, duk wanda ya ga marainiya ya san wahala na sa a girma da wuri a kuma tsumbure. Sannan ta ce da suna kududdufinsu, tsakaninsu da Mahaliccinsu ne, amma tunda na kwaso su na tsare a gidanta, cinsu da shansu ya hau wuyan mutanen gidan.

"Ni dai ba za a tashe ni gobe ƙiyama a tambaye ni hakkin kwaɗo ba," in ji ta.

Na ce, "Ke da kike ƙyamarsu."

"Ina ƙyamarsu mana. Kai ma ranar da aka haife ka ba wani kyan gani gare ka ba, ai ba a hana ka nono ba."

Na tambaye ta ko ta san yawan ruwan da take zubawa, ko zan iya ceto wani abu daga lissafin. Ta ce gwargwadon yadda ta ga sun ba ta tausayi. Ran da suka fi ba ta tausayi ta fi zubawa.

Ban yi mata faɗa ba. Ba a yi wa Hajiya faɗa a gidanmu. Na gaya mata dai cewa aikin wata guda ya lalace, kuma wataƙila shekara ce ta lalace. Ta kwance ɗankwalin daga hancinta, warin ya buge ta, ta mayar. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta tafi wanke hannu.

Da zazzaɓin ya sake ni, damina ta riga ta ja baya. Na ɗauki bokiti na koma kududdufin, ina fatan ko an yi sabon ƙwai a ruwan ƙarshe. Bolar ta ci fiye da rabin wurin. Masu baro suna ta juye shara, wani yana baza ta da shebur. Abin da ya rage na ruwan bai fi faɗin tsakar gida biyu ba, baƙi ƙirin, mai kauri, da mushen akuya a gefe cikinta ya kumbura ƙafafu a sama. Na shiga duk da ƙurajen. Na yi ta jan rariya ina tsamo leda da tsutsotsi masu jela. Talibambam ɗin da na samu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk sun riga sun fitar da ƙafafu huɗu, ba su da amfani a gare ni.

Da na fito ina karkaɗe ƙafa sai na ga ƙasa tana motsi. Kwaɗi ne, ɗaruruwa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, wasu da guntuwar jela ba ta gama narkewa ba, suna tsalle a kan ledoji da fasassun kwalabe, suna neman inuwa inda babu. Abin da na yi wata guda ina nema a roba, ga shi unguwa ta yi shi da bolarta ba tare da kofi ba. Ba zan iya rantsewa ƙafewar ruwan ce ta sa su haka ba, don wa ya san abin da ke cikin ruwan nan, kuma ban auna komai ba. Amma sun yi kama da hoton da ke littafinmu ƙwarai. Baro ya zo ya bi ta kansu. Na koma gefe na yi amai.

Akwai abin da na yi bayan nan wanda shi ya fi damuna. Na zauna da littafina da fensir, na buɗe sabon shafi, na rubuta lambobin da ya kamata a ce na samu. Na san su sarai. Na sa na dama su riga na hagu da 'yan kwanaki, na rage musu tsawo, har na ɗan karkata wasu don kada su yi kyau da yawa. Cikin rabin awa na gama, kuma sun fi na gaskiyar kama da gaskiya. Na daɗe ina kallonsu. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba, ko da yake ina fatan yana ciki. Akwai tsoron a yi min tambaya a gaban malamai in rikice, don ni mutum ne mai rikicewa. Akwai kuma wani abu kamar wanda na ji lokacin da na taka abin nan mai gashi. Na yage shafin na jefa a masai.

Washegari na gaya wa malamin komai, har da butar da ƙanzon. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce babu abin da za a iya rubutawa da wannan, sai dai in jira damina mai zuwa. Ina tattara takarduna sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Da ka kawo min lambobi masu kyau, da ban sani ba."

Shekaru ke nan ina juya maganar nan. Wani lokaci in ji kamar yabo ne, wani lokaci in ji kamar yana gaya min ne na yi wauta. Ban tambaye shi ba.

'Yan ajinmu suka tafi bautar ƙasa, suna turo hotuna da kakinsu. Ni na zauna a Gwammaja ina koyarwa a wata 'yar makarantar unguwa, ina amsa tambayar mutane, yaushe za a gama ne, da cewa saura kaɗan. Talibambam ɗin Hajiya kuwa sai da suka ga dama suka zama kwaɗi, manya, masu sheƙi, suka watsu a gidan. Aka yi ta samun su a bayan randa da cikin takalma har sanyi ya shigo. Duk wanda ta gani sai ta yi salati ta kira ni in zo in fitar da ƙanena.

Da damina ta dawo babu kududdufin. An cike shi, an zuba jar ƙasa a sama, har an fara harsashin gini, ko da yake in ka taka wurin yana ɗan lotsawa. Sai bayan gari na je na samo wasu a wani rami kusa da gonaki. Wannan karon na hau da robobin saman soro, inda sai da tsani ake zuwa, na san gwiwoyin Hajiya ba za su kai ta ba. Na yi musu rumfa, na ja layi da jan fenti a jikin kowace roba.

Aikin ya yi kyau, in ana kiran wannan kyau. Ruwan dama ya yi ta ja da baya har ya zama bai fi tsawon gaɓar yatsa ba, suna kwance a jikin juna bayansu a waje. Suka riga na hagu fitar da ƙafa, suka fito ƙanana kamar waɗanda na gani a kan bola. Wasu ba su kai ba. Ni nake ɗebe kofin kullum, da hannuna, ina rubutawa da kyakkyawan rubutu. Na sami sakamako mai kyau, malamai suka ce aikin yana da tsabta. Ban ji abin da na zaci zan ji ba. Na dai ji ina so in yi wanka.

A duk tsawon makonnin nan Hajiya ba ta hana ni ba, ba ta kuma sake yi min wasan kwaɗi ba. Kullum da safe in na sauko daga tsani takan tambaye ni, "Mai gidan, an ba su ruwa?" Ni kuma in ce ana dai dubawa. Ta san me hakan ke nufi. Wata rana na sauko na tarar da wani tsohon kasko a gindin tsanin, cike da ruwa. Na tambaye ta na mene ne, ta ce na kaji ne. Ba mu da kaji a lokacin. Kullum sai ta canja ruwan, ta ɗaure hanci tukuna ko da yake ba ya wari, har ranar da na sauko da robobin.